Nazarin Abubuwan da Ke Tantance Ingancin Sauti a Manyan Amfilifayoyi

A cikin jerin na'urorin da ke ɗauko kiɗa daga faifai su kai shi kunnen mai sauraro, amfilifaya ce aikinta ya fi sauƙin faɗa, kuma ita ce aka fi yin gardama a kanta. Akan sami guda biyu da takardunsu suka nuna alƙaluma kusan iri ɗaya, ɗaya farashinta bai wuce na wayar hannu ba, ɗayar kuwa ta fi sabuwar mota tsada. Masu sauraro da suka ba kiɗa zuciyarsu sukan ce sun ji bambanci a fili, injiniyoyi da yawa kuma su ce babu abin da kunne zai kama. Ba mu ɗauki ko ɗaya daga cikin ɓangarorin nan a matsayin maƙaryaci ba. Abin da muke son nunawa shi ne, amfilifaya ba ta da wani sauti nata na kanta da take yawo da shi duk inda aka kai ta. Halinta yana fitowa ne a haɗuwarta da lasifikar da aka ɗaura mata, da ƙarfin muryar da ake sauraro a kai, da irin wutar da take sha.

Ma'anar kalmomi

Sigina ita ce surar sauti a cikin wutar lantarki, wato wuta mai hawa da sauka daidai da yadda iska ta kaɗa a gaban makirufo. Wutar tana da fuskoki biyu. Akwai boltej, wato ƙarfin turi, ana auna shi da bolt. Akwai kuma kwarara, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya, ana auna ta da amfiya. Abin da ke tsayayya wa kwarara shi muke kira turjiya, ma'auninta om. Idan aka ninka boltej da kwarara sai a sami ƙarfi, wanda ake aunawa da wat. Yawan kaɗawa shi ne sau nawa sigina ta hau ta sauka a daƙiƙa ɗaya, ana rubuta ma'auninsa Hz. Kaɗawa kaɗan ita ce murya mai kauri, kaɗawa da yawa ita ce siririya, kuma kunnen matashi mai lafiya yana ji daga 20 Hz zuwa wajen 20,000 Hz. Desibel kuwa, wanda ake taƙaitawa dB, ma'aunin kwatanta ƙarfi biyu ne: ninka wat sau biyu yana ƙara 3 dB kacal, ninka shi sau goma yana ƙara 10 dB, kuma sai a nan ne kunne ke jin kamar muryar ta ninka.

Amfilifaya mai ƙarfi, wadda ita ce abin nazarinmu, ita ce na'ura ta ƙarshe kafin lasifika. Tana karɓar sigina ta bolt 1 ko 2, ta ninka boltej ɗinta sau 20 zuwa 30, sannan ta samar da duk kwararar da lasifika ta nema. Idan muka ce manya, muna nufin waɗanda ake ƙerawa domin sauraron natsuwa a gida ba tare da tsumulmular kuɗi ba, irin na McIntosh da Krell da Pass Labs a Amurka, Quad a Ingila, Accuphase da Luxman a Japan. Inganci kuma mutane sukan nufi abu biyu da shi. Na farko amana, wato abin da ya fito ya zama shi ne abin da ya shiga, girma kawai ya ƙaru. Na biyu daɗi, wato abin da ya fito ya gamsar da mai sauraro ko da ya kauce wa asali. Mun ɗauki amana a matsayin ma'auni domin ita ce ake iya tantancewa, ba don mun raina daɗi ba. Hanyoyin da amfilifaya ke kauce wa amana kuwa huɗu ne: ƙarfinta ya gaza, ko ta fifita wasu muryoyi a kan wasu, ko ta ƙirƙiro muryoyin da babu su a asali, ko ta zuba hayaniyarta a kan kiɗan.

Ƙarfi da kwarara

Gazawar ƙarfi ita ce mafi yawan faruwa, kuma ita aka fi rainawa. Lasifikar gida mai ɓarna ce ƙwarai, domin abin da take mayarwa sauti daga wutar da aka ba ta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sauran duk zafi yake zama. Ana auna kuzarinta da ƙarar da take bayarwa a nisan mita 1 idan aka ba ta wat 1, kuma yawancin na gida suna tsakanin 84 dB da 90 dB. A zaman sauraro na yau da kullum, matsakaicin ƙarfin da ake sha bai cika wuce wat 1 ko 2 ba. Sai dai kiɗa ba a shimfiɗe yake ba. A faifan da aka naɗa da kyau, bugun ganga ko saukar yatsa a kan fiyano na iya haura matsakaicin da 20 dB, wato ninki 100 na wat. Ke nan mai sauraron da ke kan wat 1 yana buƙatar wat 100 na ƙiftawar ido. Idan amfilifaya ta kai iyakar boltej ɗinta kafin sigina ta kai ƙololuwarta, sai kan siginar ya datse. Wannan datsewa ita ce mutane ke cewa sauti ya fashe idan ta yi yawa. Idan kuwa kaɗan ce, ba a jin ta a matsayin fashewa, sai dai a ji kiɗan ya yi tauri, ya matse, kunne ya gaji da wuri. A nan amfilifayoyi suna da bambanci na gaske: wata takan datse sumul ta farfaɗo nan take, wata takan maƙale na ɗan lokaci kafin ta dawo hayyacinta. Muna ganin da yawa daga cikin bambancin da ake ji a gwaje-gwajen gida bambancin datsewa ne da ba a gane ba.

Boltej shi kaɗai bai wadatar ba. Wat 100 a kan turjiyar om 8 yana nufin bolt 40 da amfiya 5 a ƙololuwa. Amma om 8 da ake rubutawa a bayan lasifika suna ne kawai. Turjiyarta ta gaskiya tana canzawa da yawan kaɗawa, ta sauka zuwa om 3 a wani wuri, ta haura om 30 a wani. Don riƙe bolt 40 ɗin nan a kan om 4 ana buƙatar amfiya 10, a kan om 2 kuwa amfiya 20. Haka kuma lasifika takan sa kwarara ta saɓa lokaci da boltej, abin da ke ɗora wa taransistocin mafita, wato masu tura wuta zuwa lasifika, zafi fiye da kima, har da'irar kariya ta shiga tsakani ta rage wutar a tsakiyar kiɗa. A shekarun 1980 lasifikar Apogee Scintilla, mai turjiyar om 1, ta durƙusar da amfilifayoyi da yawa, kuma iya tuƙa irinta ne ya ƙara ɗaukaka sunan Krell. Saboda haka tambayar da ta fi "wat nawa?" amfani ita ce, idan turjiya ta ragu da rabi, shin ƙarfin yana kusan ninkawa? Adadin wat kansa sai an duba yadda aka same shi. A 1974 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta wajabta a riƙa bayyana ƙarfi mai ɗorewa, ɓangarorin hagu da dama duka suna aiki, bayan an ɗumama na'urar awa ɗaya a sulusin ƙarfinta. Dubban wat ɗin da ake rubutawa da PMPO a jikin ƙananan akwatuna a kasuwanninmu ba su da wata ƙa'ida irin wannan a bayansu.

Turjiyar mafita

Kaucewa ta biyu ita ce fifita wasu muryoyi. Idan aka gwada kowace amfilifaya ta kirki a kan turjiya tsayayya ta om 8, za a ga tana ba kowace murya haƙƙinta daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Da zarar an ɗaura mata lasifika ta gaske, sai wata siffa ta shigo, wadda muke kira turjiyar mafita, wato turjiyar da ke cikin amfilifayar kanta, wadda take raba boltej da lasifika. Lissafin yana da sauƙi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Mu ɗauka turjiyar mafita om 2 ce. Inda lasifika take om 4, rabonta kashi 4 ne cikin 6, wato kusan kashi 67 cikin 100 na boltej. Inda take om 30, rabonta kashi 30 ne cikin 32, kusan kashi 94. Tazarar waɗannan biyu ta kai 3 dB, wanda kowane kunne zai ji ba sai an horar da shi ba. Idan kuwa turjiyar mafita om 0.05 ce, tazarar ba ta kai 0.1 dB ba. Amfilifayoyin taransista masu kyau suna cikin rukuni na biyu. Masu bawul, wato kwalbar gilashi da aka zuƙe wa iska wadda ta riga taransista zuwa, sukan kasance daga rabin om zuwa om 3 ko fiye, domin taransifomar da ke bakin mafitarsu da ƙarancin gyaran da suke yi wa kansu. Tun da turjiyar lasifika takan yi tsalle a wajen muryoyi masu kauri, sai amfilifayar bawul ta kumbura su, a ji sautin ya yi ɗumi da cika. Wannan ɗumin gaskiya ne, ana auna shi, amma siffarsa ta lasifikar ce: canza lasifika, ɗumin ya koma wani wuri ko ya zama kaifi. Kamfanoni sukan bayyana wannan siffa da raba 8 da turjiyar mafita, su yi alfahari da 500 ko 1,000. Bayan an wuce 100 babu sauran riba a zahiri, domin turjiyar wayar lasifika ita kanta ta riga ta rinjayi abin da ya rage.

Jirkicewa

Kaucewa ta uku muna kiran ta jirkicewa, wato amfilifaya ta lanƙwasa surar sigina har ta haifar da muryoyin da ba a naɗa ba. Idan aka ba ta murya ɗaya tak mai 1,000 Hz, sai a sami 'yan ƙanana a 2,000 da 3,000 da 4,000 zuwa sama. Waɗannan ninke-ninken su ake kira hamonik na biyu, na uku, na huɗu. Idan aka tara su duka a adadi ɗaya, shi ne abin da takardun kamfanoni ke rubutawa THD. Illar wannan adadi ita ce yana ɗaukar kowane hamonik daidai da ɗan'uwansa, alhali kunne ba haka yake ba. Murya mai ƙarfi tana lulluɓe raunana da ke kusa da ita, don haka hamonik na biyu yana ɓuya a ƙarƙashin uwarsa, kuma ko ya fito yana jituwa da ita. Na bakwai da na tara sun yi nisa da lulluɓin, ba sa jituwa da komai, kuma sukan faɗa tsakanin 2,000 Hz da 5,000 Hz inda kunne ya fi kaifi. Tun a 1950 D. E. L. Shorter na BBC ya ba da shawarar a riƙa ɗora wa hamonik nauyi gwargwadon nisansa. Ke nan kashi 1 cikin 100 na hamonik na biyu zai iya wucewa ba a lura ba, alhali ƙasa da haka sosai na manyan hamonik ya ɓata kiɗa. Akwai kuma nau'i na biyu, cuɗanya, inda muryoyi biyu ke haifar da ta uku: 19,000 Hz da 20,000 Hz su haifi 1,000 Hz. Kiɗa muryoyi ne masu yawa a lokaci guda, don haka duk lanƙwasar da ke haifar da hamonik mai daɗi tana haifar da cuɗanya marar daɗi. Wannan ne ya sa na'urar da ke ƙawata muryar mawaƙi ɗaya takan dagule idan makaɗa sun taru.

Mafi yawan jirkicewa daga matakin mafita take fitowa, kuma a nan ne ake raba amfilifayoyi aji-aji. A Ajin A, taransista ko bawul ba ya taɓa kashewa, yana shan wuta a kai a kai ko da kiɗa ko babu. Lanƙwasarsa mai laushi ce, kuma tana raguwa idan aka rage murya. Farashinsa zafi ne: ko a lissafi ba ya iya mayar da fiye da rabin wutar da ya sha zuwa aiki, kuma Mark Levinson ML-2 ta 1977 tana shan ɗaruruwan wat don ta ba da 25. A Ajin B ana raba aikin biyu, ɓangare ɗaya ya ɗauki hawan sigina, ɗayan ya ɗauki saukarta, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na tashi ta waccan na sauka. Idan suka saɓa ko da kaɗan, kowa a gidan zai ji giɓin. Ribarsa ita ce yana iya kaiwa kashi 78.5 cikin 100 wajen amfani da wuta, aibinsa kuwa yana wurin miƙa aikin. Jirkicewar wannan mahaɗa cike take da manyan hamonik, kuma girmanta ba ya raguwa idan an rage murya, don haka kasonta ƙaruwa yake yi a daidai wat na farko, inda ake yin yawancin sauraro. Maganinta shi ne bayas, wato 'yar wutar da ake bari tana gudana a ɓangarorin biyu don miƙawar ta yi santsi, kuma wannan shi ne Ajin AB da mafi yawan manyan amfilifayoyi ke bi. Riƙe bayas a inda ya dace aiki ne mai wuya. Bernard Oliver na kamfanin Hewlett-Packard ya nuna a 1971 cewa mafi kyawun wurin yana wajen milibolt 26 a kan 'yar turjiyar da ke ƙafar kowace taransista, milibolt kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt, alhali boltej ɗin da taransista ke kunnawa a kai yana sauka da kusan milibolt 2 a kowane digiri ɗaya na zafi. Ƙwarewar maƙeri tana bayyana a yadda ya sa bayas ya bi sawun zafin da kiɗa ke haifarwa daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Ajin D hanyarsa daban ce. Taransistocinsa suna kunnawa da kashewa gaba ɗaya sau dubu ɗari da yawa a daƙiƙa, faɗin kowace kunnawa yana bin sigina, sannan matata ta tace saurin ta bar kiɗan. Yana wuce kashi 90 cikin 100 wajen amfani da wuta. An daɗe ana yi masa kallon na arha, kuma da dalili, domin matatar tana sa siraran muryoyi su canza da kowace lasifika. Injiniya ɗan Beljiyam, Bruno Putzeys, ya magance wannan a tsarin UcD da ya ƙirƙiro a kamfanin Philips, inda ya sa gyaran ya haɗa har da matatar. Na'urorin da suka biyo baya, irin na Hypex da Purifi, suna cikin mafi ƙarancin jirkicewa da ake aunawa a yau. Aji dai yana gaya mana irin matsalar da maƙeri zai fuskanta, ba ya gaya mana ko ya ci nasara a kanta.

Gardamar fidbak

Gyaran da muka yi ta ambata shi ne fidbak, wato a ɗebo wani kaso na abin da ya fito, a kwatanta shi da abin da ya shiga, a yi amfani da bambancin a soke kuskure. Harold Black na Bell Labs ya gano shi a 1927, yana cikin jirgin fito a kan Kogin Hudson a hanyarsa ta zuwa aiki, kuma matsalar da ke damunsa ita ce layukan tarho masu nisa, inda murya ke ratsa amfilifayoyi da yawa a jere kowace ta ƙara nata ɓaci. A 1947 D. T. N. Williamson ya wallafa tsarin amfilifayar bawul a mujallar Wireless World, wadda da fidbak na 20 dB ta saukar da jirkicewa zuwa kashi 0.1 cikin 100. Fidbak yana rage jirkicewa, yana rage turjiyar mafita, yana kuma rage ƙugin da ke shigowa daga wuta. To me ya ɓata masa suna? Amfilifayoyin taransista na shekarun 1960 sun zo da taransistoci marasa sauri da mahaɗa mai giɓi, aka lulluɓe su da fidbak mai yawa, aka auna THD a cikakken ƙarfi inda giɓin ba ya nunawa. Alƙaluma suka yi kyau, kunnuwa suka ƙi yarda, kuma kunnuwan ne ke da gaskiya. A 1970 Matti Otala na ƙasar Finlan ya nuna cewa sigina mai saurin tashi na iya cika matakin farko na irin waɗannan na'urori kafin gyaran ya yi tasiri. Bincike na baya ya nuna tushen matsalar ƙarancin sauri ne, kuma buƙatar ba ta da yawa: wat 100 a 20,000 Hz yana neman boltej ya iya tashi bolt 5 a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, kuma amfilifayar kirki ta yau tana ninka wannan sau da yawa. Sai kuma Peter Baxandall ya nuna a 1978 cewa fidbak kaɗan a kan na'ura mai lanƙwasa yana rage hamonik na biyu amma ya haifi manya waɗanda da babu su, kuma sai an ƙara shi sosai sannan duka su sauka. Abin da muka fahimta daga nan shi ne, tsaka-tsaki ce mafi haɗari. Hanyoyi biyu ne suka tsaya da ƙafafunsu: a gina da'ira mai sauƙi a Ajin A da fidbak kaɗan ƙwarai, kamar yadda Nelson Pass ke yi a wasu na'urorinsa, a karɓi hamonik na biyu da ido buɗe, ko a gina mai sauri mai tsabta tun asali, sannan a ɗora fidbak mai yawa har zuwa siraran muryoyi.

Hanya ta biyu tana da sharaɗinta, wato natsuwa. Idan gyaran ya makara da yawa sai ya koma ƙari, amfilifaya ta fara kaɗawa ita kaɗai a muryar da kunne ba ya ji, ta yi zafi, wani lokaci ta ƙone. Harry Nyquist ya kafa ƙa'idar gane wannan a 1932, kuma wasu lasifikoki da wasu wayoyi masu tsada sukan tura amfilifaya marar isasshen tanadi zuwa bakin wannan hali. Akwai kuma darasin Douglas Self, wanda a farkon shekarun 1990 ya rarrabe hanyoyi takwas da jirkicewa ke shiga amfilifayar taransista. Abin burgewa a jerin nasa shi ne wasunsu ba su da alaƙa da tsadar kaya: a wane wuri a kan layin mafita aka ɗebo fidbak, ina aka haɗa wayar ƙasa, shin wayar da ke ɗauke da babbar kwarara ta bi kusa da mai ɗauke da ƙaramar sigina. Tazarar santimita ɗaya a irin wannan wuri tana iya yin abin da fuskar alminiyum da aka sassaƙa da mahaɗan zinariya ba za su taɓa yi ba.

Hayaniya, wuta da zafi

Hayaniya iri biyu ce: huci, wanda ke fitowa daga motsin wuta a cikin kayan da kansu, da ƙugi, wanda ke shigowa daga wutar gida a 50 Hz da 100 Hz. Dukansu sun dogara da kuzarin lasifika. Abin da ba a ji a mai 85 dB zai fito fili a mai 100 dB. Ya fi kyau a auna su a kan wat 1 maimakon cikakken ƙarfi. Ƙarƙashin duk wannan akwai ma'ajiyar wuta, wato taransifoma da manyan kafasitoci masu tara wuta su sake ta lokacin buƙata, domin abin da lasifika ke sha daga can yake fitowa, sigina umarni kawai take bayarwa. A nan yanayinmu ya shigo kai tsaye. Yawancin manyan amfilifayoyi ba sa daidaita boltej ɗin ma'ajiyarsu, ƙarfinsu kuma yana bin boltej ninki a kan ninki. Idan wutar da ya kamata ta zama bolt 230 ta sauka zuwa 190, kamar yadda masu zama a biranen Nijeriya da Nijar suka saba gani, kusan sulusin ƙarfin ya tafi, datsewa ta zo da wuri. Na'urar gwanjo da aka ƙera domin wutar Amurka mai 60 Hz takan yi gurnani da zafi a kan 50 Hz ɗinmu ko da an sauke mata boltej. Amfilifayar Ajin A kuma, a ɗakin Sakkwato ko Damagaram cikin watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, tana aiki ne a yanayin da ke rage wa kafasitocinta kwana ƙwarai.

Shaidar kunne

Kunne shi ne alƙali na ƙarshe, amma alƙali ne da ake iya ruɗawa ta hanyoyi biyu. Idan na'ura ɗaya ta ɗara ɗayar ƙara da ɗan kaɗan, ba a jin ta a matsayin mai ƙara, sai a ji ta fi buɗewa da armashi. Shi ya sa ake daidaita su zuwa 0.1 dB da na'urar awo. Sannan sanin suna da farashi yana shiga cikin abin da mutum ke ji, ba tare da ya yi niyyar yaudarar kowa ba. Gwajin ABX yana rufe wannan ƙofa: a ji A, a ji B, sannan a ji X, wadda ɗaya ce daga cikinsu a ɓoye, a faɗi wace ce. A 1987 mujallar Stereo Review ta wallafa irin wannan gwaji da David Clark ya shirya, tsakanin na'urori daga mai 'yan ɗaruruwan daloli zuwa mai dubbai, kuma masu sauraro ba su wuce abin da canke zai bayar ba. Masu suka sun ce gajeren gwaji a baƙon ɗaki yana dushe kunne, kuma wannan magana ce da za a saurara. Sai dai wani gwaji na 1985 ya zo daga ɓangaren masu kunnen da kansu. Bob Carver ya ƙalubalanci editocin mujallar Stereophile su zaɓi duk amfilifayar da suke so, zai sa tasa mai arha ta yi sauti irin nata. Suka zaɓi mai bawul mai tsada. Ya riƙa cire abin da ɗaya ta fitar daga na ɗayar yana gyara tasa, har da turjiyar mafitarta, sai da ragowar bambancin ta sauka da kusan 70 dB, editocin kuma suka amsa cewa sun kasa rabe su. Wannan gwaji bai ce duk amfilifayoyi ɗaya suke ba, domin kafin gyaran an ji bambanci. Ya nuna cewa bambancin yana cikin boltej ɗin da ke isa bakin lasifika, inda ake iya auna shi, a kuma kwaikwaye shi.

Da wannan fahimta za mu iya yi wa wata na'ura adalci, wadda alƙalumanta suka fi na kowa muni amma masoyanta suka fi na kowa riƙo. Ita ce amfilifaya mai bawul ɗaya tilo na 300B, wanda kamfanin Western Electric ya fitar a 1938, kuma masu sauraro a Japan suka farfaɗo da shi bayan an yi watsi da shi. Ƙarfinta wajen wat 8 ne, turjiyar mafitarta om 2 zuwa 3, jirkicewarta a cikakken ƙarfi kashi da yawa cikin 100. Amma masu ita sukan haɗa ta da lasifika mai ƙaho mai kuzarin 100 dB. A kan irin wannan, matsakaicin ƙara na 85 dB a mita 1 yana buƙatar wat 0.03 kacal, ƙololuwarsa kuma wat 3, wanda bai kai iyakarta ba. Tun da Ajin A ce tsantsa, babu mahaɗa balle giɓi, kuma hamonik na biyu yana sauka tare da boltej: idan muka ɗauka kashi 5 ne a wat 8, a wat 0.03 ya koma wajen kashi 0.3, a ƙarƙashin lulluɓin kunne. Abin da ya rage shi ne tasirin turjiyar mafita, kuma shi ma yana raguwa idan lasifikar om 16 ce mai turjiya shimfiɗaɗɗiya. A ɗauki wannan amfilifaya a ɗaura mata lasifikar zamani mai 86 dB da om 4, buƙatar ta ninka sau 25, ƙololuwa ta nemi wat 80 daga na'ura mai wat 8, muryoyi masu kauri su kumbura da 3 dB, kowane bugun ganga kuma ya datse.